Bututun Hannun Dama

Duk Bahaushen da ya zauna a unguwar Matar Kadim ta birnin Doha ya san Injiniya Sharafaddeen, ko da bai taɓa ganinsa ba, domin muryarsa takan riga shi shiga wuri. Aikinsa a kamfanin gas shi ne buga hatimi a kan zanen da injiniyoyi suka gama, ya kai ma'ajiya. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki. Zanen bututun da ya bi ta hannunsa ya fi dubu, sai dai kusurwar ƙasa kawai yake dubawa, inda hatimi ke zama. Sunan Injiniya kuwa shi ya raɗa wa kansa, mutane suka karɓa saboda ya fi Sharafaddeen sauƙin faɗa.

Mutum ɗaya ne bai karɓa ba, wato surukinsa Alhaji Dogara, wanda ya yi shekara talatin da biyar yana gyaran famfo a Kaduna kafin ya huta. Tsohon ya zo Doha a duba masa ido, ya sauka gidan 'yarsa Rakiya. Ran da ya iso, kafin ya sha ruwa, ya ji famfon kicin yana ɗiga. Ya nemi filaya ya ɗaure shi, sannan ya dubi 'yarsa ya ce, "Uwata, ashe gidan injiniya ma famfo na ɗiga?"

Maganar ta tsaya wa Rakiya a rai. Ranar Lahadi Baba zai koma gida, kuma ta san abin da zai gaya wa 'yan'uwa idan suka tambaye shi irin mijin da take aure. Burinta bai wuce ya ga maigidanta ya yi abu ɗaya daidai da hannunsa ba kafin ya hau jirgi.

Abin da ya ƙara wahalar da al'amarin shi ne kunya. Shekara tara da auren, magana ba ta taɓa haɗa suruki da suruki ba in ban da gaisuwa. Sharafaddeen zai durƙusa, kai a ƙasa, ya ce an tashi lafiya, Baba ya amsa yana kallon bango. Duk abin da ya wuce wannan, ta bakin Rakiya yake bi. Ita kuwa ma'aikaciyar jinya ce, ta saba kai wa mutane labari maras daɗi cikin lallashi, saboda haka duk saƙon da ya shiga kunnenta da ƙaya, a goge yake fita.

Ranar Alhamis da yamma sai ga Sharafaddeen ya shigo harabar gidajensu da wata doguwar mota fara, yana danna ham kamar mai kai amarya. Irin motar nan ce mai ɗaki a ciki, da gado da kicin da banɗaki, wadda 'yan ƙasa ke kira karafan, suke fita da ita sahara lokacin sanyi. Ta shugabansa ce a wurin aiki, wani Abu Fahad, ya ba shi aro na kwana biyu.

"Ya tambaye ni wai na san yadda ake haɗa mata ruwa da wuta," in ji Sharafaddeen yana shafa jikin motar. "Ni! Na ce Abu Fahad, khalas, ya isa haka, kada ka zage ni. Gobe bayan Juma'a mu ɗauki Baba sai gaɓar tekun Sealine, ya ga teku ya ga tudun rairayi, ya yi alwala da ruwan ɗumi a tsakiyar sahara. Ya koma Kaduna ya ba da labari."

"Abban Ummu, babu littafinta?" in ji Rakiya.

"Littafi na masu koyo ne."

Juma'a da ƙarfe tara ya fito da hular kwano da rigar nan mai walƙiya ta masu aikin titi. Ya riga ya aika wa duk Hausawan layin saƙo cewa su biyo ta gidansa kafin masallaci su ga fasaha. Rakiya ta ajiye wa Baba kujerar roba a jikin katanga inda rana ke sauka, taku shida daga motar. Tsohon ya zauna da carbinsa, ya juya kujerar kaɗan don kada a ce yana kallon surukinsa. Da gefen ido yake kallo.

A jikin motar ta hagu akwai murafe a jere, manya da ƙanana. Da can kowanne da rubutunsa, amma motar ta sha ranar Doha shekara biyar a fili, rubutun ya ƙone ya ɓare, sai tabon gam kawai ya rage.

Sharafaddeen ya ja tiyo daga famfon wanke mota, ya buɗe murfin farko, ya leƙa. "Wannan babba, shi ne na ruwa. Babban baki, babban tanki."

Baba ya yi tari. Rakiya ta matsa kusa da shi.

"Uwata, gaya wa maigidanki bakin man mota ne wannan. Daga nan nake jin warin dizal, shi da ya cusa hanci a ciki me ya toshe masa?"

Rakiya ta yi takunta shida. "Baba na yi maka sannu da aiki. Wai kamar yana jin ƙanshin mai ta wajen nan."

Sharafaddeen ya sunsuna, ya janye tiyon da sauri, ya mayar da murfi. "Gwada ku nake yi. Gaya masa ya ci jarrabawa."

Ta koma. "Ya ce ya gode, Allah ya ƙara girma."

Baba ya gyaɗa kai. Rakiya ta ji daɗi. An tsallake rami, babu wanda ya ji kunya.

Daga nan Injiniya ya ce a bar ruwa tukuna, a fara da wuta. Ya gano wata kakkaurar waya a naɗe cikin wani akwati, sai dai kanta ba ya shiga soket ɗin jikin katanga, domin motar ƙirar Amurka ce. Wannan bai dame shi ba. Ya kwance kan, ya fere wayoyin, ya aika Rakiya ta kawo ashana, ya cusa wayoyin cikin soket ya tokare su da tsinke uku, yadda ya saba yi wa dutsen guga a ɗakin kwanan ɗalibai a Zariya.

"Baba, haka ake yi?" Rakiya ta tambaya a hankali.

"Wuta ba fannina ba ce," in ji tsohon. Amma ya ja kujerarsa baya.

Sharafaddeen ya danna makunni. Aka ji tas, wani shuɗin haske ya gifta, duk wata na'ura da ke gurnani a gidaje shida na harabar ta yi tsit.

Ƙofar farko da ta buɗe ta Hajiya Fuseina ce, 'yar Zangon Kumasi, wadda ke dafa wa samarin unguwa shinkafa da wake duk Juma'a. Ta fito da ludayi a hannu.

"Injiniya! Mi ka taɓa? Shinkafana yana kan wuta, wuta ya tafi!"

Bayanta sai Dokta Badaruddeen, likitan ƙashi, Bakano, da rabin gemu a aske, injin aski a mace a hannunsa. Shi da Sharafaddeen ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba, irin wasan Kanawa da Zagezagi.

"Shekarata goma sha huɗu a ƙasar nan," in ji Dokta, "ban taɓa ganin an ɗauke wuta ba. Na ce lallai akwai Bazazzagi a kusa. Kewar gida ce ta kama ka, ka ce bari ka kawo mana ita har Doha?"

"Wayar gidan ce ba ta da ƙarfi. Motar nan ta fi ƙarfin ginin ku."

"Da tsinken ashana ka auna?"

"Kai dai je ka ƙarasa askinka, Bakano. Ba a yi wa mai ɗora karaya bayanin lantarki."

Sai da aka nemo mai gadi ya buɗe akwatin mita ya tayar da makunnin da ya faɗi. Wuta ta dawo. Sharafaddeen ya zare wayarsa ya naɗe, ya sanar da jama'a cewa ya fasa, da batir za a yi tafiyar, dama ya fi tsabta. Hajiya Fuseina ba ta zauna a ciki ba. Ta rage wutar girki ta dawo da kujera.

Saura ruwa. Murafe biyu suka rage, ƙanana, farare, kusa da juna, iri ɗaya sak, kowanne da bakin da tiyo zai ɗauru a kai. Sharafaddeen ya tsaya gabansu hannu a ƙugu. Ya ƙwanƙwasa na hagu ya kara kunne. Ya ƙwanƙwasa na dama ya kara kunne. Ya hura iska a cikin kowanne. Maƙwabta sun fara taruwa cikin fararen kaya, ƙanshin turare ya cika harabar.

"To, wanne ne, Injiniya?" in ji Dokta, wanda ya dawo cikin sabuwar farar shadda mai ƙara idan ya motsa.

"Ku da ba ku yi karatun ba, abin zai ruɗe ku. Ɗaya na ruwan sha ne, ɗaya na wanke tankin banɗaki. To ina tambayarku, da wane hannu ake cin abinci?"

"Dama," in ji wani.

"Da wanne ake riƙe… ake ɗaya aikin?"

Aka yi dariya.

"Shi ke nan. Duk duniya abu mai tsabta a dama yake. Babu injiniyan da zai sa ruwan alwala a hagu ya sa na masai a dama. Ko Bature ne ai yana da uwa."

Wasu suka gyaɗa kai, domin maganar ta shiga hankali. Ya ɗaura tiyo a bakin dama, ya murɗe, ya ce Rakiya ta buɗe famfo har ƙarshe.

Ta buɗe, ta juyo, sai ta ga Baba ya saki carbinsa ƙasa da gangan. Ya sunkuya ɗauka, ya daɗe a sunkuye yana leƙen ƙarƙashin motar. Da ya ɗago, fuskarsa ta canza.

"Uwata, zo. Bututun da ya ɗaura wa ruwa, na bi shi da ido. Bai nufi wajen kicin ba, baya ya yi, ya shiga baƙin tankin da ke ƙarƙashin banɗaki. Masai yake cikawa. Gaya masa ya kashe yanzu, kafin ya yi mana abin da ba a faɗa."

Rakiya ta dubi mijinta. Yana tsaye tsakiyar maza bakwai, yana zana musu hanyar ruwa a iska da yatsa. Ta auna kalmar masai, ta auna mutanen, ta ga ba za ta ɗauku a gabansu ba. Ta ja shi gefe kaɗan.

"Baba na cewa aiki ya yi kyau. Wai ko ka ɗan duba inda bututun nan ya nufa ta ƙasa? Kamar ya yi baya."

"Dole ya yi baya mana, zagayawa yake yi ya tace ruwan. Gaya wa Baba wannan ba famfon Tudun Wada ba ne da ake ɗaurewa da robar taya. Ƙirar Amurka ce. Ya huta, ya yi kallo."

Takun nan shida sun yi mata tsawo. "Baba, ya ce ya gode ƙwarai. Ya duba, ya san da zancen."

Tsohon ya dube ta. "Ya san da zancen?"

"Ya sani."

"To ko ya buɗe mafita ta ƙasa ne, wanke tankin yake yi," in ji shi, kamar mai lallashin kansa. Ya koma jan carbi, amma da sauri.

Ruwa ya yi ta shiga. Sharafaddeen ya kwashi baƙinsa zuwa cikin motar uku-uku, ya nuna musu gado, ya nuna musu firji, ya buɗe famfon kicin don su ga ruwa. Famfo ya yi atishawa, bai ba da ko ɗigo ba.

"Ina ruwan?" in ji Dokta.

"Sai tanki ya cika. Ka ga fitilun nan?" Ya nuna wasu 'yan fitilu a jikin bango, su ma ba rubutu. Uku sun kama, ta huɗu tana ƙiftawa, ja. "Ka gani? Ya kusa."

"Ja kuwa alheri ne? Mu a asibiti in ta yi ja gudu muke yi."

"Shi ya sa ba a ba ku mota."

Daga banɗaki aka ji wani sauti, ɓul, ɓul, kamar tukunyar tuwo ta fara tafasa. Sharafaddeen ya ja ƙofar ya rufe. "Iska ce ke fita. Yalla, mu sauka, lokacin masallaci ya yi."

Suka sauko suka tsaya a jikin motar, ana gyara huluna. Dokta ya ce a yi hoto tukuna. Aka jeru, Injiniya a tsakiya da hular kwano, Hajiya Fuseina ta karɓi waya za ta ɗauka.

A saman motar akwai wani gajeren bututu mai 'yar hula, wanda babu wanda ya lura da shi sai Baba. Rakiya ta ga mahaifinta ya miƙe tsaye yana kallon sama. Hular bututun ta yi rawa, ta yi fito, ta yi sama. Abin da ya biyo bayanta ya tashi kamar tsayin mutum, ya buɗe kamar lema, ya sauko a kan sahu.

"Alhamdu lillahi, ya cika!" in ji Sharafaddeen. "Alamar ke nan, in ya cika sai ya…"

Bai ƙarasa ba, warin ya iso. Duk abin da iyalan Abu Fahad suka bari a tankin nan tun fitarsu ta bara, ya kwana ya tashi cikin zafin Doha wata goma, yau ya samu hanya.

Dokta ya dubi hannun rigarsa. Ya ɗaga shi kusa da hanci, ya sauke a hankali. "Jama'a," ya ce, "shekara ashirin ina aikin asibiti. Wannan ba ruwan alwala ba ne."

Wuri ya yamutse. Mai salati na yi, mai tofar da yawu na yi, wani ya cire babbar riga ya yar yana gudu da singileti. Hajiya Fuseina ta ja da baya tana ihu, "Wayyo, najasa ne! Ranar Juma'a!" amma ba ta sauke wayar ba.

"Kowa ya kwantar da hankalinsa!" in ji Sharafaddeen. "Akwai abin tsayarwa na gaggawa!" Ya durƙusa, ya hango wani baƙin mariƙi a ƙarƙashin motar kusa da wani ƙaton bakin bututu, ya kama shi da hannu biyu.

"Kai! Sharafaddeen! Sakar shi!"

Muryar Baba ce. Duk da abin da ke zubowa daga sama, sai da kowa ya juya. Rakiya ta dafe ƙirji. Shekara tara ba ta taɓa jin sunan nan a bakin mahaifinta ba. Shi ma mai sunan ya firgita, ya zabura zai miƙe don girmamawa, mariƙin na hannunsa. Ya taho da shi.

Murfin ƙaton bututun ya yi tsalle ya bugi katanga. Tanki guda ya fito a lokaci ɗaya, ya bi ta kan ƙafafun Injiniya, ya kwashe takalman da aka jera a ƙofar Dokta, ya nufi bakin get. Mai gadi ya hau kan kujerarsa.

Baba ya tattare jallabiya, ya bi ta gefen katanga da saurin da Rakiya ba ta san yana da shi ba, ya murɗe famfo. Ruwan sama ya tsaya. Na ƙasa ya ci gaba har ya gaji don kansa.

Ranar nan Hausawan layin a sahun ƙarshe suka sami Juma'a, a waje, kan kwalta, kowa da jiƙaƙƙen kai da kayan da hannunsa ya fara kaiwa gare su. Dokta da rigar barci ya yi salla.

Da aka dawo, Hajiya Fuseina ta raba tsintsiya da bokiti, ta tsaya tana nuna inda ba a wanke ba. Injiniya ya fi kowa samun wuri mai faɗi.

"Ka san wani abu, Bakano," ya ce yana turza siminti, "dama tankin nan yana bukatar wanki. Abu Fahad zai gode mini."

"Mu ma mun gode. Har da mu aka wanke."

"Kuma ka ji Baba ya kira sunana? A gaban jama'a. Wa ka taɓa ji surukinsa ya yi masa haka?"

"Na ji. Har unguwar Bin Omran an ji."

Rakiya tana can tana ɗauraye ƙofar gida. Ta riga ta je ta durƙusa gaban mahaifinta ta faɗa masa gaskiya, cewa saƙonsa bai isa yadda ya ba ta ba, amsar ma ba haka aka ba ta ba. Tsohon ya saurare ta har ta gama, ya ce, "Wato ke ce kika tace ruwan." Sannan ya ce ta samo masa tocila da farin salatef da alƙalami mai kauri.

Bayan la'asar ya shimfiɗa kwali ya kwanta ƙarƙashin motar. Ya ɗan jima, sannan muryarsa ta fito. "Uwata, gaya wa maigidanki…" Ya tsaya. "Bar shi. Kai, zo ka riƙe mini fitila."

Sharafaddeen ya zo da gudu ya durƙusa, kai a ƙasa.

"Ba gaisuwa na ce ba. Shigo ciki. Haska nan. Ka ga wannan farin bututun? Bi shi da yatsa. Ina ya je?"

"Ya je… wajen kicin, Baba."

"Daga wane baki ya taso?"

Sharafaddeen ya sake bin bututun da yatsa, ya tsaya.

"Ina jinka."

"Na hagu, Baba."

"To. Bututu ba ya da dama ba ya da hagu, inda ya je kawai yake da shi. Gobe da safe za mu tafi tekun naka, amma ni zan haɗa ruwa, kai ka tuƙa. Ka dai iya tuƙi?"

"Baba, ni da na taɓa tuƙa…"

"E ko a'a."

"E, Baba."

Rakiya tana tsaye da salatef a hannu tana kallon ƙafafu huɗu da suka leƙo daga ƙarƙashin mota, biyu da safa, biyu duk sabulu. Ba wannan labarin ta so a kai Kaduna ba, amma ta lura tun ɗazu babu wanda ya neme ta da saƙo.

Da suka fito, Baba ya yanka salatef ya manna a saman kowane murfi, ya rubuta da manyan baƙaƙe: MAI. WUTA. RUWAN SHA. A kan na dama ya manna guda biyu, ya rubuta MASAI, ya ja layi a ƙarƙashi har sau uku.

Sharafaddeen ya ja baya ya duba aikin, ya gyara hular kwano, muryarsa ta fara dawowa.

"Aiki ya yi, Baba. Haka muke yi a kamfani. Sai dai da an rubuta da Turanci ko Larabci, don Abu Fahad ba ya jin Hausa."

Tsohon ya rufe alƙalami, ya miƙa wa 'yarsa.

"Shi ai ya sani," ya ce. "Kai na rubuta wa."